Yadda za ka karanci tarihin cocin ƙauye a Faransa da idonka

In ka shiga ƙauye a Faransa ka hango hasumiya da zakaran ƙarfe a samanta, to cocin Katolikan garin ke nan, amma kar ka yi saurin shiga ciki, zagaya ginin tukuna. Yawancinsu ba lokaci ɗaya aka gina su ba, faci ne kan faci kamar tsohuwar riga, kowane zamani ya ɗora nasa.

Fara ta gabas, can bagadi yake, wato teburin da ake ibada a kansa. Dubi tagogi da kyau. In ƙanana ne, samansu a zagaye, bangon kuma ga kauri, wannan salon ginin da ake kira Romanesque ne na ƙarni na 11 da na 12, kuma ba wai magina ba sa son haske ba ne, rufin dutse ne ke da nauyi, bango ke ɗauke da shi, ka huda babbar taga ya tsage. In saman tagar ya yi tsini kuwa Gotik ne, wanda ya fara a Saint-Denis kusa da Paris wajen 1140. Sai dai a kula fa, a ƙarni na 19 sun kwaikwayi Gotik sosai, in ka ga dutse sumul komai iri ɗaya, ka yi shakka. Ɗaga kai ƙarƙashin rufi ma, akwai 'yan sassaƙe-sassaƙe, kan dabba, mutum ya zaro harshe, ni dai su suka fi burge ni.

Ƙofa a kulle? Tambaya a ofishin magajin gari. Bayan dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati, cocin da aka gina kafin nan ya zama mallakar ƙaramar hukuma, fada, wato limamin coci, shi ɗaya kuma ƙauyuka da yawa yake riƙe, da wuya ka same shi.

A ciki ka ɗan tsaya idonka ya saba da duhu, sannan ka leƙa inda farar ƙasa ta ɓare, wani lokaci tsohon zane ne a ɓoye, irin wanda ya sa cocin Saint-Savin-sur-Gartempe ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1983. Mutum-mutumi ba kai kuwa, galibi ɓarnar yaƙin Katolika da Furotesta ce na 1562 zuwa 1598, ko ta juyin juya halin Faransa, lokacin da har ƙararrawa aka narkar aka yi igwa.

In da hali ka je a ƙarshen mako na uku na Satumba, ranakun kayan tarihi ke nan, ana buɗe da yawa daga cikin waɗanda ke kulle.