Baiti a jikin tulu: kurakuran da ke cinye aikin sababbin magina

Na gaji da ganin sababbin magina suna kwana tsara baiti, su zana shi a jikin tulu, sannan su kai shi ramin gashi da danshi a jikinsa. Bushewar waje ba ita ce bushewa ba. Ruwan da ya maƙale a gindi, inda yumɓu ya fi kauri, da zafi ya kai digiri 100 sai ya zama tururi, ya rasa mafita, tulu ya yi bindiga. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Wani yaro mai koyo a wajena ya taɓa cusa ɗanyen kaskonsa tsakiyar kayana bai faɗa mini ba. Da ya tarwatse sai ya tafi da tulunan da masu su suka riga suka biya, har da na wata amarya da na cika wa wuya da baitoci. Haba jama'a, gaggawar me ake yi? A shanya a inuwa, a kife, a lulluɓe da tsumma lokacin hunturu. Ni sai na ɗora gindin a kumatuna. In na ji sanyi, da saura. Sannan in jera su gefen garwashi su sha ɗumi kafin babbar wuta, kuma ba na kwaɓa yumɓu babu dakakken tsingaro.

Na biyu, rubutu da tawada. Gawayi ne da ƙaro, wuta lashe su take yi, ka buɗe toka ka tarar da tulu wayam. Karta harafi ake yi a cikin yumɓun, kamar yadda Rengetsu, mawaƙiyar Kyoto ta Japan da ta rasu a 1875, take yi wa waƙoƙinta a jikin kayan shayi. Lokacinsa shi ne sa'ad da yumɓu ya kama jiki amma farce na iya shigarsa. Ka yi da wuri, tsinke ya ja ƙasa, layi ya rufe. Ka makara, ya ɓarɓashe. A buɗa hannu kuma, domin yumɓu tsukewa yake yi, ɗigon ajami ne ke fara ɓacewa. Wasu suna son hayaƙi ya baƙanta ko'ina. Ni gefen rubutu nake juyawa inda iska ke kaiwa, don a iya karantawa.

Guga da dutse kafin rubutu ake yi. Makuba kuwa, wato ruwan ɓawon ɗorawa, tun tukunya na da zafi ake yayyafa ta.

Masu kwaikwayon raku irin na Amurka, inda ake zaro kaya jajur a jefa cikin garin katako, ku daina sayar wa mutane a matsayin kwanon abinci: tsatsa yake yi, kuma sinadarin ƙyallinsa na iya shiga abinci. Don Allah kuma, tulun da zai shiga wutar kashin shanu, kada a rubuta masa aya ko sunan Allah. A tsaya a kan waƙa.