Kurakuran da aka fi yi wajen bin sawun kakan da ya je Yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu

Na gaji da ganin matasa suna rubuta sunan kakansu a intanet, su ga babu komai, su yanke hukuncin cewa Turawa sun shafe tarihinsa. Sau da yawa bayanin yana nan, hanyar neman ce ba daidai ba.

Babban kuskure shi ne neman soja da sunan da aka san shi da shi a gida. Magatakardan RWAFF, wato rundunar sojan Birtaniya ta Afirka ta Yamma, sun saba rubuta sunan yanka su haɗa da sunan gari, shi ya sa rajistarsu ta cika da Kano da Sakkwato da Katsina a gurbin sunan uba, kuma garin da aka rubuta ba lallai ne ya zama mahaifar mutum ba, domin wani inda aka ɗauke shi aka sa masa. Wasu da gangan suka sauya suna don kada iyaye su biyo sawu. Ga kuma rubutun Bature, wanda yake mai da Abdu ya koma Awudu, Muhammadu ya koma Momo. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar soja, wadda ta sojan Najeriya kan fara da haruffan NA. Ni ba na buɗe kwamfuta sai na sami wannan lamba, kuma wurin samunta shi ne littafin sallama ko takardar fansho.

A nan ne nake jin zafi. A gidanmu, bayan rasuwar kakana, an buɗe akwatinsa na ƙarfe aka raba tufafi, takardun da suka yi ja kuwa aka ƙone su tare da shara, har da littafin sallamarsa, wai ba su da amfani. Wanda duk yake da irin wannan akwati a gida, wallahi ba shi da uzurin jinkiri: ya ɗauki hoton kowane shafi yau, ya zauna da gwaggo ko baffan da ya rage ya naɗi muryarsa, tun kafin ya fara tunanin neman takardu a Landan.

Kuskure na biyu shi ne karɓar maganar "an kama shi" ba tare da bincike ba. Sojojin Afirka ta Yamma da Japanawa suka tsare a matsayin fursunonin yaƙi kaɗan ne ƙwarai. Wanda labarinsa ya yanke yana iya kasancewa ya ɓace a dajin Kaladan na ƙasar Bama, ko yana kwance a asibiti a Indiya, ko yana jiran jirgin ruwa, domin da yawa ba su dawo gida ba sai 1946. A fara gano bataliyarsa: Runduna ta 81 ce ko ta 82, ko kuwa yana cikin bataliyoyin Najeriya ta 6 da ta 7 da ta 12 da suka shiga sahun Chindit, dakarun da ke kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944. Daga nan kundin ayyukan yau da kullum na bataliyar, wanda ke ma'adanar Kew a Ingila ƙarƙashin lambar jerin takardu WO 172, zai nuna inda suke a watan da aka daina jin ɗuriyarsa, ko da yake ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja da suna ba.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar lamarin daban ne. Sojojin mulkin mallakar Faransa da Jamus ta kama a 1940 suna da yawa, kuma akasarinsu a sansanonin fursuna na Jamusawa da ake kira Frontstalag cikin Faransa aka tsare su, don haka a nemi fayilinsu a ma'adanar soja ta birnin Caen a Faransa da kuma ofishin Red Cross na Janeba.

Sauran ƙanana ne. Shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth na waɗanda suka mutu ne kawai, wanda ya dawo da rai ba zai fito a ciki ba. Lambar yabo ta Burma Star ba a saba zana suna a jikinta ba, saboda haka ita kaɗai ba hujja ba ce. Kada kuma a cakuɗa yaƙin Habasha na 1941 da na Kamaru da aka yi daga 1914 zuwa 1916, domin tsofaffi sukan ce "yaƙin Jamus" ga duka yaƙe-yaƙen duniya biyu, shekarun kakan ne za su raba gardama.