Kurakuran da ke ƙona kyamara wajen haɗa ta da batirin waje

Duk wanda ya taɓa ɗaukar biki da ƙaramar kyamara marar madubi ya san halin batirinta. NP-FW50 na Sony, wanda ke cikin irin su a6400, 1020 mAh kacal yake ɗauka. Ana tsaka da kamu, amarya ta fito, sai alamar batir ta koma ja. Shi ya sa muka koma wa batirin waje, kuma dabara ce mai kyau. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan kyamarorin da ke mutuwa ta wannan hanya, alhali ga da yawanmu kyamarar nan ita ce jarin kaf.

Babban abin da ke kashe su shi ne ƙarfin wuta. Waɗannan kyamarori bolt 7.2 zuwa 8.4 suke so ta ramin batir. Babban batirin waje da ake kira V-mount kuwa a jikinsa an rubuta 14.4 ko 14.8, idan ya cika fal yakan kai 16.8, kuma kafar D-Tap, wato inda ake jona waya a jikinsa, haka take fitar da wutar, ba ragi. Mutum ya sayi ƙwanson batir, wato batirin nan marar komai a ciki sai waya, wanda a kasuwa ake kira domi, ya jona shi kai tsaye. Wani ƙwanson yana da ƴar na'urar rage wuta a jikin wayarsa, wani ba shi da ita, kuma a ido kamar an tsaga kara. A gabana wani abokin aiki ya jona marar ita. Ko kunnawa bai kai ga yi ba muka ji ƙaurin roba, allon bai sake haske ba, ga dangin ango sun jeru suna jiran a fara.

Maganin bai kai kuɗin katin memori ba: mitar gwajin wuta. Kafin sabon ƙwanso ya shiga kyamararka, jona shi da cikakken batir, ka ɗora tsinkayen mita a bakin ƙarafansa, ka karanta da idonka. Ka ga 8 ko kusa da haka, bismillah. Ka ga 16, ajiye shi. A nan kuma za ka gane ko an juya wayar ja da baƙa, domin D-Tap mai araha yakan shiga a juye idan aka danna da ƙarfi. Kada abin da ka gani a hannun masu Blackmagic Pocket 4K ya ruɗe ka, ita tana da kafar wuta ta daban mai karɓar bolt 12 zuwa 20.

Sai kuskuren da mutane ba sa ganewa har sai kafar HDMI, inda ake jona wayar hoto, ta daina aiki. Idan batir ɗaya ke ciyar da kyamara da monita, kuma wayar hoto na jone a tsakaninsu, lokacin da kake cusa wayar wuta ɓangaren ja yana iya riga baƙin taɓawa. A wannan ƙiftawar ido wutar ba ta da hanyar komawa sai ta wayar hoto, ta nan take bi ta ƙona abin da ke bayan kafar. Kamfanin ARRI ya gargaɗi masu kyamarorinsa a kan wannan, kuma tsarin da ya bayar yana yi wa ƙananan ma amfani: wajen haɗawa a fara jona wuta, wayar hoto ta zo ƙarshe. Wajen kwancewa wayar hoto ce farkon fita. Ni ko batir zan canza sai na zare HDMI tukuna, komai saurin da ake yi.

Masu fawa bank nasu kuskuren ba ya ƙona kaya, kunya yake ba mutum. Kyamarori irin Sony a7 IV da Canon R6 suna neman USB-C mai tsarin PD, wato tsarin caji mai ƙarfi, a nemi mai ba da bolt 9 da amfiya 3. Tsohon fawa bank mai bolt 5 ba zai riƙe su ba. Kuma batirin asali dole ya zauna a ciki, da caji a jikinsa. Lissafin mAh ma yana yaudara. Fawa bank mai 20,000 mAh a kan bolt 3.7 aka auna shi, wato 74 Wh (ma'aunin jimillar wutar da batir ke ɗauka), shi kuwa NP-FW50 kimanin 7.3 Wh ne. Ninki goma ke nan, ba ashirin da lissafin mAh ke nunawa ba, kuma wani kaso zai tafi a zafi wajen ɗaga wutar. A riƙa kwatanta batura da Wh.

Akwai abin da ƙwanson batir ba ya yi: ba ya ajiye wuta ko ta daƙiƙa ɗaya. Yaro ya gifta ya fizgi waya, kyamara ta ɗauke nan take, fayil ɗin da ake ɗauka bai rufe ba, wani lokaci ɗaurin auren gaba ɗaya ya ƙi buɗewa. Ɗaure wayar a jikin kejin kyamara, wato ƙarfen da ake kewaye ta da shi, ka bar mata ɗan lanƙwasa. Kada kuma ka dogara da kason batir da allo ke nunawa, tunda wutar da aka daidaita kusan ƙarfi ɗaya take nunawa har ta yanke. Fitilun jikin babban batirin za ka duba, idan saura ɗaya ka tsayar da ɗauka ka canza.

Mai tafiya aiki a jirgi ya sani cewa batirin ajiya a jakar hannu ake riƙe shi, ba ya shiga akwatin da ake aunawa. Har 100 Wh ba a neman izini, daga nan zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya amince, abin da ya sa za ka ga V-mount da yawa an tsayar da su a 95 ko 98. Kuma a zafin Afrilu kada a bar su cikin mota a rufe. Wanda ya fara kumbura a daina caja shi.