Kurakuran da Sababbin Masu Sha'awar Ƙananan Tocila Masu Tsananin Haske Suke Yi

Na gaji da ganin mutum ya sayi tocila wadda tsawonta bai kai tafin hannu ba, yana alfahari da cewa tana ba da lumen 3,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), sannan bayan mako biyu ya dawo yana nuna ƙonannen aljihu ko batir da ya lalace. Irin wannan tocila ba ɗaya take da wadda muka saba ajiyewa domin lokacin ɗauke wuta ba, kuma wanda ya riƙe ta yadda yake riƙe waccan zai ji a jikinsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne jefa ta a aljihu ba tare da an kulle ta ba, domin ni ma na taɓa yin sa. Wata rana da daddare ina kan babur, tocilar tana aljihun gefe na sabuwar shaddata tare da makullai, sai wani abu ya danne maɓallin ta kama a mataki mafi ƙarfi. Ban ga haske ba saboda kanta yana kallon ƙasa. Ƙauri na fara ji, na ɗauka wani ne yake ƙona shara a bakin titi, sai da zafi ya ratsa cinyata na tsaya. Na tarar da rami kamar faɗin kwabo a rigar, fatata kuma ta yi bororo wanda ya ɗauki kwanaki kafin ya warke. Dalilin a bayyane yake: ƙwan LED yana mayar da kaso mai yawa na wutar da yake sha zuwa zafi, jikin tocilar ƙarami ne ba ya iya watsar da shi, kuma hasken da kansa yana ƙona yadi idan ya taru a wuri ɗaya dab da gilashin, musamman yadi mai duhu. Tun daga ranar, kafin in sa ta a aljihu nakan kwance murfin gindinta kwata ɗin zagaye, sannan in danna maɓallin in tabbatar ba ta kamawa, domin akwai waɗanda wannan dabarar ba ta aiki a kansu. Tocilolin da ke da Anduril, wato wata manhaja da ke sarrafa maɓallinsu, suna kulluwa idan an danna sau huɗu tana kashe, amma ni na fi yarda da murfi, tun da abin da dannawa ta kulle, dannawa tana iya buɗe shi.

Na biyu shi ne batir, kuma a nan ne son araha yake jefa mutane cikin hatsari. Batirin caji da ake kira 18650, wanda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65, ba ya wuce kimanin mAh 4,000 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake riƙewa) ko da na manyan kamfanoni ne. Saboda haka duk wanda aka rubuta wa 9,900 a jikinsa ƙarya ce tsagwaronta, kuma ban san abin da ya sa mutum mai hankali zai kashe kuɗi masu yawa a kan tocila sannan ya cusa mata batirin da aka ciro daga mataccen batirin kwamfuta aka sake masa leda ba. Ledar nan ma ba ado ba ce. Jikin ƙarfen batirin gaba ɗaya ɓangare ɗaya ne na wutar, ɗan siririn zobe ne kawai ya raba shi da ɗaya ɓangaren a sama, don haka idan ledar ta yage, ko aka bar shi tsirara cikin jaka da makullai da tsabar kuɗi, wuta tana haɗuwa ya yi zafi har ya kama. Ni kowane batiri nawa yana da ɗan akwatinsa na roba, wanda ledarsa ta yage kuma ba ya komawa cikin tocila sai na sake masa wata. Caji kuwa a kan daɓen siminti nake yi, idona biyu, da cajar da take tsayawa a bolt 4.2, ba a kan katifa ba, kuma ba na barin batir cikin mota a rufe a zafin watan Afrilu.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Kada a haska idon mutum da wasa, balle na direban da ke tahowa, kuma kada a ba yaro ita, domin abin da zai fara yi shi ne leƙa gilashin. Hasken da yake walƙiya da sauri yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. Kada a kife ta a kan tebur tana kunne. Ɗan gajeren batirin da ake kira CR123A ba a yi masa caji, kuma ba a haɗa sabo da tsoho a tocila ɗaya. Wanda zai hau jirgin sama ya sa rarar batura a jakar hannu, ba a kayan da ake aunawa ba. Masu tocilar UV, wato mai hasken ultraviolet, ta neman kunama a tsakar gida kuma su sa tabarau mai tare irin wannan hasken, domin ido yana ganin kaɗan ne daga cikinsa alhali yana shan dukkansa.