Yadda ake shirya fitar yini ɗaya daga Katsina zuwa Daura da iyali da tsofaffin abokai

Dogon hutun makarantu yakan faɗo ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Lokacin zafin bazara ya karye, gari ya yi kore, 'yan uwan da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja sun kawo yara ganin gida, abokan makaranta da aka daɗe ba a haɗu ba suna gari. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da a haɗa kai a fita. Amma fitar da ba a tsara ba takan ƙare da gajiya da ƙunƙuni, kuma kusan kullum abu biyu ne ke jawo haka: tashi a makare, da cusa wurare da yawa cikin yini guda. Zumunci aka fito yi, don haka wuri 2 ko 3 sun isa, sauran lokacin a bar shi don zama da hira.

A fara da rana da kuɗi. Asabar ta fi. Juma'a tsakiyar yininta na masallaci ne, kuma kewayen fada a garuruwan biyu yakan cika da jama'a. Lahadi kuwa kasuwar Mai'aduwa ke ci, motocin dabbobi da na kaya sukan yi yawa a hanyoyin ɓangaren Daura. A tsayar da ranar mako 2 kafin lokaci, a naɗa mutum ɗaya ma'aji, ɗaya kuma mai kula da mota da lokaci. Kada a haɗa wa mutum guda aikin biyu, don wanda ke bin bashin karo-karo ba ya iya kuma matsa wa mutane su shiga mota. A lissafa kuɗin mota da abinci da ruwa da tukuicin masu kula da wuraren tarihi, a ƙara kashi 1 cikin 10 a kai saboda abin da ka iya tasowa, sannan a raba bisa kai, yaro rabin babba. A rufe karɓa saura mako guda. Cikin tsofaffin abokai ba a rasa wanda hannunsa bai kai ba a wannan lokaci. Ma'aji ya san shi, masu hali su cike masa a asirce, kuma kada a saka jerin waɗanda suka biya a zauren WhatsApp. Wannan jerin shi ke sa mutum ya ƙirƙiro uzuri ya ƙi zuwa.

Mutum 18 zuwa 20 har da yara shi ne adadin da ke tafiya daidai. Bas ɗaya mai kujera 18 da ƙaramar mota ɗaya ta kaya da dattawa sun wadatar. Motoci biyar ko shida kowa da tasa ba ya haifar da komai sai jiran juna a kowace mahaɗa. Idan shatar bas za a ɗauka, a yi magana da direba a fili cewa yini ne cur, da tsayawa a wurare, da wanda zai sayi mai, a ba shi rabi a riƙe rabi sai an dawo. Ranar jajiberi wani ya je ya duba motar da idonsa: tayoyi da safaya, jak, birki, fitilu, da abin share gilashi, wanda a rani ba wanda ke tuna shi amma a Agusta rashinsa na iya tsayar da ku a gefen titi. A riƙe tsabar kuɗi da ƙananan canji, don tura kuɗi ta waya yakan maƙale daidai lokacin da ake buƙata. A kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a safiyar ranar. Su ne ke bin ta kullum, labarinsu ya fi na kowa sabunta.

Abinci shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka bari mu daɗe a kansa. Ga mutum 20 da yara a ciki, tiya ɗaya da rabi ta shinkafa ta isa dafa-duka, da kaji 4 ko nama kilo 3. A soya naman ya soyu sosai tun daren, a ajiye shi daban, kada a tsoma shi cikin shinkafar. Ita shinkafar da asuba ake dafa ta, a juye ta cikin kula tana tururi, a rufe, kada a sake buɗewa sai lokacin ci. Shinkafar da aka dafa da dare aka bar ta ta huce, sannan ta yini cikin but ɗin mota, ita ce ke kwantar da rabin gida da ciwon ciki washegari. Kuloli matsakaita 2 sun fi babba ɗaya, domin wadda aka buɗe aka ɗiba ta fara hucewa ke nan, ɗayar kuwa tana nan da zafinta.

Damina ce, zogale da rama da tafasa suna ko'ina, kuma kwaɗo ya fi komai shiga a irin wannan zama. Sai dai ba a kwaɗa shi daga gida. A dafa ganyen a matse ruwansa tsaf, a zuba garin ƙuli-ƙuli da yaji da gishiri a wani mazubi, albasa da tumatir a tafi da su ba a yanka ba. A can ake haɗawa, minti 10 ya isa. In aka haɗa tun safe, gishiri zai janyo ruwan tumatir da albasa, kafin azahar ya saki ya fara tsami. Haka fura: a tafi da ita a dunƙule, nono cikin jarka a tsakiyar ƙanƙara, a dama a wurin. Zoɓo da kunun aya a sa su a firji su daskare tun daren, kuma kada a cika robar har wuya. Kunun aya musamman ba ya jure zafi ko na sa'o'i kaɗan, in ya fara kumfa ko roba ta kumbura a zubar, kada a ce asara.

Ruwan sha a lissafa lita 2 ga kowane mutum. Jakar fiya-wata ɗaya leda 20 ce, lita 10 ke nan, don haka jaka 4 ga mutum 20, a ƙara ta biyar. Ban da wannan a cika jarka mai lita 25 don alwala da wanke hannu, da butoci 3 da sabulu. Sai tabarmi 4 ko 5, babbar leda ko tamfol da za a shimfiɗa ƙarƙashinsu saboda damshin ƙasa, faranti da cokula, wuƙa, da buhu ɗaya na zuba shara. A ƙaramar jaka a sa farasitamol na manya da na yara, filasta, auduga, da gishirin ORS da ake ba mai gudawa. In babu shi, lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu ba tuli ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri suna yin aikin. Masu hawan jini da ciwon suga a tuna musu da maganinsu tun kafin mota ta tashi.

A ce wa kowa ƙarfe 7, a gida ɗaya, a tashi 7:30 ko da wani bai iso ba. Ya same ku a hasumiyar Gobarau, wurin tsayawa na farko. Hasumiyar na cikin gari, tsayinta kusan mita 15, ginin ƙasa ne, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma a da masallaci ce da wurin karatu. Da yawa cikin yaran da aka haifa a Katsina ba su taɓa zuwa gindinta ba. In mai kula da wurin ya ba da izinin hawa, a hau kaɗan-kaɗan, kowane yaro da babba a bayansa, in kuwa an kwana ana ruwa a haƙura da kallo daga ƙasa. Minti 40 ya isa. Wanda ya fi son gidan tarihi, wato tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, sai ya zaɓe shi a madadin Gobarau, amma ba duka biyu a safiya ɗaya ba. A aika wani tun cikin mako ya tambayo ko za a same su a buɗe ranar.

Daga Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne ta Mashi, awa ɗaya da 'yan kai ga motar da ke ɗauke da yara. Kusheyin Durɓi ta Kusheyi na ƙasar Mani a wannan shiyya, amma ratse ne, ya cancanci ranarsa daban. Wanda ya iya ba da labari ya zauna tsakiyar yara ya ba su na Bayajida tun a mota: baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, aka ce masa maciji mai suna Sarki ba ya bari a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya je da dare ya kashe shi, Sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga nan aka samu Hausa Bakwai. Yaron da ya ji wannan kafin ya isa, da ɗoki zai leƙa rijiyar. Wanda bai ji ba rami kawai zai gani.

Rijiyar Kusugu tana cikin gini, akwai masu kula da ita. Babba ɗaya ya shiga gaba ya yi sallama: "Sannunku da aiki, Baba. Daga Katsina muke, mun kawo yara su ga rijiya." A shiga rukuni-rukuni, mutum 6 ko 7, a riƙe hannun ƙanana, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, a ba da tukuici a dunƙule daga hannun ma'aji maimakon kowa ya riƙa laluben aljihu. Fadar Sarkin Daura ba ta da nisa daga nan. A tsaya a ƙofar fada a gaida dogarai, abin da suka ce a tsaya a kai a tsaya, inda aka ce a cire takalmi a cire. Mai son ganin hawa kuwa ba wannan ce tafiyarsa ba, sai ya dawo da Sallah ko lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal.

Kafin 12:30 a gama yawo. Wurin zama ya kamata a ce an shirya shi tun kafin a zo, kuma mafi alheri shi ne gidan ɗan uwa ko aboki a Daura, ko gonarsa ko lambunsa a bakin gari, inda akwai rumfa da makewayi. Rashin makewayi shi ke sa mata da tsofaffi su ƙi shan ruwa su yini a takure, masu shiri kuma maza ne galibi, ba sa tunawa. A sanar da mai gida adadinku, a gaya masa da abincinku za ku zo don kada a ɗora wa matarsa girkin mutum 20, a riƙo masa goro ko wata tsaraba. Ba mu ba da shawarar zama a bakin dam da yara a wannan lokaci ba. Ruwa ya cika, gaɓa ta yi santsi, zurfin ba ya ganuwa, kuma hira na ɗauke hankalin manya. A gona ma a duba ƙarƙashin ciyawa kafin a shimfiɗa tabarma, kada a bar yara su tattake shukar mutane.

Bayan azahar da cin abinci, awa 3 ɗin da suka rage su ne dalilin fitowar. A shimfiɗa wa mata tasu tabarmar a inuwa mai kyau, maza tasu, Inna da Kawu da sauran dattawa a ba su wurin da za su jingina. Dara ba ta buƙatar komai: a haƙa gurbi 30 a ƙasa, layi 5 na gurbi 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa, wanda ya jera 3 ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Samari a raba su gida biyu su yi langa a wuri mai yashi, a zaɓi ruwa a nuna wurin sha, a ware ƙanana daga manya don kada a yi karaya. 'Yan mata ga carafke da gaɗa. A naɗa manya 2 masu ido kan yara, su yi canji bayan kowace awa, in ba haka ba uwa ɗaya ce za ta yini a tsaye. Gasasshiyar masara a saya a gari da zafinta.

A riƙa duban gabas. Hadarin damina daga can yake tasowa, yawanci da yamma, kuma in iska mai sanyi ta fara kaɗawa abin da ya rage bai fi ku naɗe tabarmi ba. Kada a fake ƙarƙashin doguwar bishiya ana tsawa, a shiga ɗaki ko mota. Ko babu hadari, da an sallaci la'asar a kwashe shara, a ƙirga yara da suna ba da ido ba, a yi wa mai gida godiya, a kama hanya kafin 4:30. Magariba a Agusta wajen bakwai saura take yi, don haka ko taya ta yi faci za ku shiga Katsina da sauran haske. In ruwa ya kama ku a hanya har direba ba ya ganin gabansa, a tsaya cikin gari kamar Mashi a jira ya tsagaita, kada a tsaya a daji, kuma kada a yarda a ratsa ruwan da ke gudu a kan kwalbati. Ma'aji ya karanta lissafi washegari, ragowar kuɗi a mayar ko a ajiye don fita ta gaba, yadda aka amince. Yaron da ya yi zazzaɓi cikin mako 2 bayan dawowa a kai shi a gwada jininsa a ranar, don watannin sauro ne.