Darasi na 7: Shuka a Bayan Gida Mai Inuwa

A cikin birni gidaje a matse suke. Katangar maƙwabci ta tare rana ta nan, bene ya tare ta can, ga darbejiya ko mangwaro ya baza rassa. Sai a shuka tumatir, a yi ta ba shi ruwa, ya tashi siriri ya yi ta tsawo, babu 'ya'ya. Daga nan a ce wurin ba ya karɓar shuka, alhali irin da aka zaɓa ne bai dace da wurin ba.

Kafin ku sayi iri, ku ƙirga rana. Ku ware yini guda, ku leƙa bayan gidan da hantsi, da azahar, da la'asar. Duk inda rana ta sauka ku ja layi da gawayi, ku rubuta awa nawa ta yi. Ku sake dubawa da hunturu, domin a lokacin rana tana karkata kudu, inuwar katanga kuma ta ƙara tsawo.

Tumatir da tattasai da kuɓewa suna son rana ta awa 6 ko fiye. In babu, ku haƙura da su. Inda ake samun awa 3 zuwa 4, ganye za ku sa: latas, lawashi, shuwaka. Alayyafo ma yana yi, sai dai a ba shi gefen da ya fi haske.

Lungun da ya fi inuwa na citta ne da gwaza da na'a-na'a. Citta, wadda ake nomawa sosai a kudancin Kaduna, tana jure inuwa ƙwarai. Ku binne gutsuren ɗanyar citta mai ido a farkon damina, ku jira wata 8 zuwa 9, har ganyen ya bushe, sannan ku tone. Ita kuwa na'a-na'a ku ba ta tukunyarta ita kaɗai, don yaɗo take yi ta cinye wuri.

A gindin bishiya saiwa ce ke shanye ruwa da taki, saboda haka buhu ko tsohon bokiti ya fi. Ku huda gindinsa, ku cika da ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen kashin awaki kashi 1. Dogayen shuka su bi jikin katanga, gajeru a gaba. In da hali a shafa wa katangar farar ƙasa, tana maido da haske.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yawan ban ruwa. Ƙasar inuwa ba ta saurin bushewa, saiwa kuma ruɓewa take yi in ruwa ya kwanta, ga sauro. Ku tsoma yatsa tukuna. In da danshi, ku bari sai gobe.

Aikin gida: ku zana bayan gidanku a takarda, ku rubuta awowin rana a kowane lungu, ku zo da shi aji.