Kurakuran da aka fi yi wajen tarayyar fayil tsakanin Windows, Mac da Linux a gida

Kwamfutocin da ake tarawa a gida ɗaya a Maradi ba safai suke zama iri ɗaya ba, domin kowace da hanyar da ta shigo. Ta maigida wataƙila daga Kano ko Katsina aka sayo ta da Windows na Turanci, ta uwargida ta biyo ta Kwatano da Windows na Faransanci, ɗalibin da ke Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a kan tasa, wani ɗan'uwa kuma ya aiko da tsohuwar Mac daga waje. Dukkansu suna iya musayar fayil ta ƙa'ida guda mai suna SMB. Windows da Mac suna zuwa da ita, Linux kuma yana samun ta daga manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara fitarwa a 1992. Duk da haka, da zarar an nemi buɗe dosiyen wata kwamfuta daga kan wata, sai allo ya nuna «Accès refusé», a koma yawo da kile daga ɗaki zuwa ɗaki. Gyaran da aka fi yi a nan shi ne a yi ta buɗe komai har abin ya yi aiki, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada, domin kusan kullum wuri guda ne ya kulle, kuma ana iya gano shi.

Kafin a taɓa izini ko ɗaya, sai a tabbatar cewa matsalar ta izini ce. Mutane da yawa suna haɗa «ban kai ba» da «an hana ni». A Windows, lambar kuskure 0x80070035 tana nufin ba a samu hanyar zuwa kwamfutar ba, ita kuwa 0x80070005 ita ce hani. Idan ta farko ce, duk wani canjin izini ɓata lokaci ne. Abin dubawa shi ne ko kwamfutocin biyu suna kan rezo ɗaya, domin sau da yawa ɗaya tana kan akwatin wifi na gida, ɗayar kuma ta koma kan rezon wayar wani ba tare da an lura ba, ko tana kan wifin baƙi wanda aka tsara shi don hana na'urori ganin juna. Sai a duba ko Windows ya ɗauki rezon gidan a matsayin «Réseau public», wanda shi ne matsayin da Windows 11 ke bai wa sabon rezo, kuma a cikinsa yake ɓoye kwamfutar. A mayar da shi «Réseau privé». Kashe katangar tsaro («Pare-feu») gaba ɗaya ba shi da wani dalili. Abin da ake buƙata kawai shi ne ta bar tashar 445, wadda SMB ke bi, a buɗe ga rezon gida.

Rashin ganin kwamfutar Linux a jerin «Réseau» na Windows ma ba hani ba ne. Samba ba ta yin irin sanarwar da Windows na yanzu ke saurara, sai an ƙara mata ƙaramar manhaja mai suna wsdd. Hanya mafi sauri ita ce a rubuta adireshin kwamfutar kai tsaye, kamar \\192.168.1.20 a Windows, ko smb://192.168.1.20 a Mac da Linux. A nan kuma ɗaukewar wuta take shigowa: idan akwatin wifi ya mutu ya tashi, yana iya sake rabon adireshi, gajeriyar hanyar da aka ajiye jiya ta koma nuni ga wayar wani yaro. Maganinsa shi ne a shiga saitin akwatin a ware wa kwamfutar da ke riƙe da fayilolin adireshi na dindindin.

Idan an tabbatar an kai kuma an hana, to a Windows izini hawa biyu ne, kuma rashin sanin haka ne ya fi wahalar da mutane. Akwai izinin shafin «Partage», akwai kuma na shafin «Sécurité», wato izinin da faifan kansa ke riƙewa a tsarin ajiyar Windows mai suna NTFS. Na farko kamar ƙofar zaure yake, na biyu kuma ƙofar ɗaki: wanda aka buɗe wa zaure bai shiga ɗaki ba tukuna. Windows yana duba su biyun ne ya ɗauki wanda ya fi tsauri. Saboda haka mutum zai iya bai wa «Tout le monde» cikakken iko a «Partage», amma idan sunan mai shigowa ko na ƙungiyar da yake ciki ba ya cikin «Sécurité», hani zai samu. Akasin haka ma yana faruwa, domin idan aka bi ta «Partage avancé», izinin da Windows ke sakawa da kansa na karantawa ne kawai, shi ya sa ake buɗe fayil lafiya amma ajiyewa ta gagara. Akwai kuma layin «Refuser», wanda bai kamata a taɓa shi ba a rezon gida: hani da aka rubuta ƙarara yana rinjayar izini, kuma wanda ya hana wata ƙungiya yakan manta cewa shi ma yana cikinta. Wanda ke shakka ya shiga «Avancé» sannan «Accès effectif», ya zaɓi sunan asusun, Windows zai nuna masa ainihin abin da asusun ke iya yi.

Wurin da aka ajiye dosiyen ma yana da tasiri. Abin da ke kan tebur ko cikin «Documents» yana ƙarƙashin dosiyen mai asusun ne, kuma ya gaji izinin da ya keɓanta da shi. Ya fi sauƙi a buɗe sabon dosiye a wani wuri, misali D:\Tarayya, a tsara izininsa sau ɗaya, abin da aka zuba ciki ya gada.

Sai wata matsala da ta yawaita a nan saboda yadda aka mai da sake ɗora Windows maganin kowace cuta. Windows ba da suna yake gane asusu ba, da wata doguwar lamba ce da ke farawa da S-1-5-21. Idan mai gyara ya goge Windows ya sake ɗorawa, ko da an ba sabon asusun sunan tsohon, lambarsa daban ce, fayilolin da suka rage a ɓangaren D kuma suna nan a hannun mai lambar da ba ya wanzuwa. Alamar ita ce a ga «Compte inconnu» da wannan lamba a shafin «Sécurité». Gyaran shi ne a canza «Propriétaire» zuwa sabon asusun, a zaɓi cewa canjin ya ratsa duk abin da ke ciki, sannan a ba da izini.

Izini ga wani ake ba shi, don haka tambaya ta gaba ita ce da wane suna aka shigo. Suna da kalmar sirrin da ake nema na kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ne, ba na wadda ake zaune a gabanta ba. Lambar PIN da ake buɗe Windows da ita ba kalmar sirri ba ce, ba ta aiki ta rezo. Mai asusun Microsoft sai ya sa ainihin kalmar sirrin asusun. Asusun da ba shi da kalmar sirri ko kaɗan kuwa, Windows ba ya barin a shiga da shi daga wata kwamfuta. A ganina, abin da ya fi dacewa shi ne a buɗe asusu guda na musamman don tarayya, da kalmar sirrinsa, maimakon maigida ya rarraba tasa ga yara. Sannan a kula da allon madannai. Gidan da ke da kwamfutar da ta zo daga Najeriya da wadda ta zo daga ƙasar Faransanci yana da QWERTY da AZERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, haka Z da W, harafin M ya ƙaura, lambobi kuma a AZERTY sai an haɗa da madannin manyan baƙaƙe. Kalmar sirri ba ta bayyana a allo, saboda haka yatsu suna iya buga daidai abin da suka saba, kwamfuta ta karɓi wani abu daban. A fara rubuta ta a fili a wani wuri a gani.

Akwai lokacin da ba a ma tambayi kalmar sirri ba sai hani kawai. Wannan yana nuna kwamfutar ta ajiye tsohuwa tana ta miƙawa. A Windows ana goge ta a «Gestionnaire d'identification», a Mac kuma a «Trousseaux d'accès». Haka nan Windows ba ya yarda a shiga kwamfuta ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda, kuma lambar wannan kuskure ita ce 1219. Umarnin net use * /delete yana yanke duk haɗin da ke akwai a fara daga farko. A Mac kuwa, kunna tarayyar fayil kaɗai ba ya isa ga mai zuwa daga Windows, sai an shiga «Options» an zaɓi asusun da zai shiga ta SMB an sake buga kalmar sirrinsa.

A Linux ne aka fi yin gyaran ganganci. Samba tana da nata kundin kalmomin sirri daban da na Linux, don haka asusun da ke akwai a kwamfutar bai zama na Samba ba sai an yi sudo smbpasswd -a tare da sunansa. Bayan wannan, izinin da aka rubuta a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ba ya wuce wanda faifan ya bayar, daidai da hawa biyun Windows. Abin da kan ɓoye shi ne harafin x: a kan dosiye, x izinin ratsawa ne, kuma dole mai shigowa ya same shi a kan kowane dosiye da ke kan hanya, ba na ƙarshe kaɗai ba. Tun daga Ubuntu 21.04, dosiyen gida na sabon asusu a rufe yake ga sauran asusai, shi ya sa abin da aka raba daga cikinsa yake ƙin buɗuwa ga wani ko da an yi masa chmod 777 (chmod shi ne umarnin canza izini a Linux). Shi kansa chmod 777 ɗin, ma'anarsa kowa ya karanta, ya canza, ya goge, kuma duk da wannan sakaci ba ya magance fayilolin da za a ƙirƙira gobe. Tsarin da ke dorewa shi ne a buɗe dosiye kamar /srv/tarayya, a ƙirƙiri ƙungiya guda a saka mutanen gida, a mallaka mata dosiyen, a yi masa chmod 2770 domin duk sabon abu ya gaji ƙungiyar, sannan a rubuta create mask = 0660 da directory mask = 0770 a smb.conf, a duba rubutun da umarnin testparm. Ko bayan haka, fayil ɗin da aka ƙaurar da mv daga wani wuri a faifai ɗaya yana tahowa da tsohon izininsa, saɓanin wanda aka kwafa da cp, kuma wannan ne dalilin da fayil guda zai ƙi buɗuwa a tsakiyar ɗari masu buɗuwa. Masu Fedora, wani nau'in Linux, suna da ƙarin tsarin tsaro mai suna SELinux, wanda ke hana Samba taɓa dosiyen da ba a yi masa alamar samba_share_t ba.

Faifan waje da kile suna da nasu hukunci. Tsare-tsaren ajiya na FAT32 da exFAT ba su san izini ba sam, don haka chmod ba ya yi musu komai. Linux yana ba su mai shi ne a lokacin haɗawa, ta zaɓin uid, gid da umask. FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, abin da kan sa a zaci hani ne idan bidiyon biki ya ƙi shiga. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai. Idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko an kashe Windows da «Démarrage rapide» a kunne a kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux tare, Linux yakan buɗe faifan NTFS don karantawa kawai, ko ya ƙi buɗe shi, domin kare abin da ke ciki. A mayar da faifan kan Windows, a yi masa chkdsk, umarnin duba faifai da gyara shi, a kashe «Démarrage rapide», a rufe kwamfutar yadda ya kamata.

Shawarar da ta fi haɗari ita ce a kunna SMB1, tsohon bugun SMB. Ana ba da ita ne saboda tana sa tsofaffin na'urori su bayyana nan take. Amma ta raunin SMB1 ne muguwar manhajar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017 ta kulle fayiloli a ƙasashe fiye da 150, kuma daga bugu na 1709 Windows 10 ya fara janye ta, Samba ma ta kashe ta a bugu na 4.11 a 2019. Windows 7 yana jin SMB2, ba ya buƙatarta. Wanda ba ya jin komai sai ita shi ne Windows XP, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Afrilun 2014, tare da wasu tsofaffin injunan buga takarda da akwatunan wifi masu ramin kile. Irin waɗannan gara a cire su daga tarayyar a riƙa kai musu fayil da hannu. Haka batun shiga a matsayin baƙo ba tare da kalmar sirri ba: Windows 11 Pro bugu na 24H2 ya rufe shi, shi ya sa dosiyen da ya shekara yana buɗuwa zai tsaya rana ɗaya bayan sabuntawa. Ana iya tilasta wa Windows ya koma yadda yake, amma buɗe asusu mai kalmar sirri a ɗaya ɓangaren bai fi aikin minti biyar ba.

Saura ƙananan abubuwa biyu masu kama da hani. Linux yana yarda da alamomi irin su : da ? da * a sunan fayil, Windows kuwa ba ya yarda, kuma Linux yana ɗaukar Rasit.pdf da rasit.pdf a matsayin fayil biyu alhali Windows yana ganin ɗaya. Sauya suna kawai ake yi. Na biyu, takardar Word ko Excel da ta buɗe a «Lecture seule» yawanci wani ne ya buɗe ta a ɗaya kwamfutar, ko wuta ta ɗauke ta bar ɓoyayyen fayil ɗin da sunansa ke farawa da ~$ a gefenta. Idan an tabbatar babu mai aiki a kan takardar, a nuna ɓoyayyun fayiloli a goge wannan ɗin, sannan a sake buɗe ta.